Wayoyin Fulogi: Kurakuran Jera Su da Ke Sa Mota Misin Ba Gaira Ba Dalili

Mota za ta shigo gareji tana misin, a canza fulogi, a canza koyil, a wanke nozul, har a fara zargin kwamfutar motar. A ƙarshe sai a duba ƙarƙashin bonet a tarar an tattara wayoyin fulogi huɗu an ɗaure su tamau wuri guda, wayar sanso kuma tana manne a jikinsu. Kuɗin da aka kashe duka a banza. Yaran gareji da sababbin masu wayarin suna ta maimaita wannan, don suna ganin tsafta ce.

Wayar fulogi tana ɗauke da wuta mai ƙarfin folt 20,000 zuwa 40,000, kuma ba gudana take yi a hankali ba, bugawa take yi ta ɗauke. Duk bugun da ta yi, maganaɗisu na tashi kewaye da ita, kuma duk wayar da ke kwance kusa za ta tsinci wani abu daga ciki, ko da robar jikinsu lafiya ƙalau take. Gwargwadon kusancinsu da tsawon tafiyar da suka yi kafaɗa da kafaɗa, gwargwadon abin da ɗayar za ta ɗauka. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Kuskure mafi muni shi ne haɗa wayoyin silinda biyu da ke kama wuta a jere. A tsohon injin Chevrolet mai silinda takwas, tsarin kamawar 1-8-4-3-6-5-7-2 ne. Silinda ta 5 da ta 7 maƙwabta ne a gefe guda, kuma ta 7 ce ke bin ta 5 da tazarar digiri 90 kacal. Lokacin da ta 5 ta buga, fistan na 7 yana kan hawowa da mai da iska a matse. In wayoyinsu sun jeru, fulogin 7 zai iya tsintar tartsatsi kafin lokacinsa, wuta ta tashi ta danne fistan yana tasowa. Daga nan sai ƙwanƙwasa, sai zafi, in aka daɗe fistan ya huje. A tsohon Ford 302 kuwa 7 da 8 ne masu wannan hali. Injinan silinda huɗu da suka cika titunanmu, irin su Golf da Carina da tsohuwar Accord, 1-3-4-2 suke bi, don haka 3 da 4 a jere suke, 2 da 1 ma haka. Ɓarnarsu ba ta kai ta masu silinda takwas ba, amma daga nan ake samun fisga da atishawar da mota ke yi ta wajen shan iska.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A mayar da ƴan robobin nan masu haƙora da kamfani ya sa don raba wayoyin, waɗanda ake ɓallewa a jefar ranar da aka sauke tofsilinda. A bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin waya da waya. Biyun da ke kamawa a jere, a sa wata a tsakaninsu cikin robar. In dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa, kowace ta kama gabanta. Kuma don Allah a daina naɗe su da baƙin salatif a mayar da su igiya guda. Wa ya ce aikin kirki sai an ɗaure komai kamar dammin gero?

Kuskure na biyu ya fi wahalar ganowa, shi ya sa ya fi cin aljihun mai mota: wayar sanson karanshaf. Irin mai waya biyu, wanda da kansa yake haifar da wutarsa daga haƙoran da ke wucewa gabansa, lokacin tayar da mota abin da yake aikawa kimanin folt ɗaya ne, wani lokaci ma bai kai ba. Da wannan ɗan siginar kwamfuta ke ƙirga juyin inji, ta san lokacin ba da wuta da mai. To a ɗora wannan wayar kan wadda ke bugun dubban folt. Kwamfuta za ta ƙirga haƙorin da babu shi, ta saki wuta ba kan ƙa'ida ba. Alamunsa: allurar juyin inji tana tsalle ita kaɗai, mota ta ɗauke kamar an kashe makulli ta dawo, na'urar bincike ta nuna lambar P0335, a sayi sabon sanso, matsala tana nan daram.

Saboda haka ne kamfani ke murɗe wayoyin biyu da juna, sannan ya lulluɓe su da saƙar ƙarfe. Murɗewar tana sa hayaniyar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayar daidai wa daida, su kashe juna, saƙar kuma ta kwashe saura ta kai at, wato ɓangaren da ke komawa negatif na batir. Amma da ɓera ya ci wayar ko salansa ta ƙona ta, me ake yi? Sai mai wayarin ya yanko wayar sifika ya jona, ya yanke saƙar ya yar don tana hana shi aiki. Wannan ba gyara ba ne, eriya aka ɗaura wa kwamfuta. A nemo waya mai saƙa daga tsohon wayarin na mota, a fere abin da bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, a yi soda, a jona saƙar ita ma. Kuma a gefe ɗaya kawai ake kai saƙar at, wato gefen kwamfuta. In aka ɗaure ta a inji kuma aka ɗaure a kwamfuta, wuta za ta riƙa bi ta cikinta, abin da aka sa don kariya ya koma shi ke kawo hayaniyar. Ni dai ra'ayina, a nisanta wayoyin sanso da na fulogi da koyil da kamu ɗaya, kusan santimita 15 zuwa 20. Wasu na ragewa, amma wurin yana nan, me zai sa a yi rowarsa? Sanson ƙwanƙwasa ma haka hukuncinsa yake.

Sai zancen fulogi da wayar da ake saye. Mai shago zai ce fulogi mai lamba BP6ES da mai BPR6ES duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Harafin R ɗin nan a fulogin kamfanin NGK yana nufin akwai rizista mai kimanin om 5,000 a ciki, wadda ke rage hayaniyar tartsatsi. Mota mai kwamfuta, mai R ake sa mata. Haka wayar jan ƙarfe zalla da ake yankowa da awo: tartsatsinta na da kyau, amma ba ta tace komai. Kada a ce ai Volkswagen ma jan ƙarfe take sawa. Tana sawa, amma rizistarta na cikin hular da ke kan fulogi da ta kan distiributa. Wanda ya canza hular da wadda ba ta da rizista ya cire kariyar. A auna da mita: littafin gyaran Toyota na tsofaffin injina ya ƙayyade kada waya ɗaya ta wuce om 25,000. Wadda ta wuce, ko mita ya nuna a yanke take, ta gama aiki.

Wayar at da ke haɗa inji da bodi, sau da yawa ana mantawa da ita bayan an sauke giyabos. In babu ita, wutar sitata da ta koyil za su nemi hanya ta siraran wayoyin sanso. A ɗora mita tsakanin jikin inji da negatif na batir, a buga sitata. In ya haura folt 0.3, a kwance a goge tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Kada kuma a ɗaure at ɗin koyil a kan wayar at ta sansoshi.

Ƙananan kurakuran kuwa ga su a gurguje. Ƙaramin kondensa da ke kusa da koyil ba ado ba ne, kuma a gefen fozitif yake zama, inda ake rubuta 15 a jikin wasu koyil. In aka kai shi gefen negatif, wato lamba 1, zai raunana tartsatsi. Waya mai tsawo fiye da kima kada a naɗe ta zobe, a samo daidai. Kada ta kwanta kan manifol ɗin salansa, ko ta goga bakin ƙarfe. Gibin fulogi in ya buɗe fiye da abin da littafi ya ce, yawanci milimita 0.8 zuwa 1.1, koyil zai ƙara ƙarfi, wutar ta nemi wajen tsallakewa. A motocin da kowane fulogi ke da koyil a kansa, baƙin mai da ya taru a ramin fulogi shi ke cinye robar, gasket ɗin murfin sama za a fara canzawa.

Rediyon mota ma na taimakawa wajen bincike, musamman a gajeren zango ko matsakaici. Ƙas-ƙas da ke ƙara sauri in an taka totur, daga ɓangaren fulogi yake; kuka mai tashi kamar fito kuwa, altaneta za a duba. In ana son ganin inda wuta ke zurarewa, a tayar da inji cikin duhu, a fesa wa wayoyin ruwa kaɗan da kwalbar feshi, hannu nesa da su da kuma fanka. Duk inda shuɗin tartsatsi ya bayyana, wannan wayar a canza ta, salatif ba ya riƙe folt 30,000.