Yadda ake bambanta zomo namiji da zomanya tun suna ƙanana

Masu fara kiwon zomaye a nan Damagaram da yawa sukan sayo guda biyu ranar Alhamis a kasuwar Dole, a ce musu wannan namiji ne, wannan mace, su zuba su keji ɗaya suna jiran ƴaƴa. Wata huɗu, wata biyar shiru, sai faɗa da cizon kunne da tsigar gashi, ashe duka maza ne. Ba lallai mai sayarwa ya yi niyyar cuta ba. Ƙaramin zomo ba ya nuna jinsinsa a fuska ko a girman jiki, sai an duba ƙarƙashin jela, kuma kowa zai iya koyon dubawar.

Ka fara da zaɓen lokaci. Da sassafe ya fi, musamman a bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan kan wuce digiri 40. Zomo ba ya jure zafi, in ka haɗa masa da firgicin kamu da tsakar rana yana iya galabaita a hannunka. Ka zauna kan tabarma a inuwa mai haske, ka shimfiɗa tsumma a cinya.

Kamun shi ne rabin aikin. Don Allah kada ka ɗaga zomo ta kunne yadda aka saba gani a kasuwa. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai. Ƙashin bayansa ba ƙwari gare shi ba, ƙafafun baya kuwa akwai ƙarfi, in ya yi harbi yana lilo a sama yana iya karya gadon bayansa da kansa. Sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallabe ƙugu, ka jingina bayansa da cikinka, gindinsa na zaune kan cinyarka, cikinsa na kallon waje. In kana da mai taimako, shi ya riƙe, kai ka duba. Kada a daɗe da shi a haka.

Yanzu ka ja jelar baya a hankali, ka buɗa gashin. Za ka ga kafa biyu kusa da juna. Wadda ke dab da jela dubura ce, wadda ke wajen ciki ita ake dubawa. Ɗora babban yatsa da manuni gefe da gefenta, ka danna kaɗan, ba matsa ba. In namiji ne, wani ɗan nama zai leƙo a tsaye, bakinsa zagayayye kamar bakin bututu, ramin na tsakiya, gefensa duka tsawo ɗaya. In mace ce, tsaga za ka gani mai ɗan tsawo, ta ɗaga ta wajen ciki, ta gangaro ta ƙare dab da dubura. A nan ake yawan ruɗewa, domin in ka danna da ƙarfi ita ma macen abinta kan turo waje har ka rantse namiji ne. Kada turowar ta ɗauke maka hankali, bakin za ka kalla: zagaye ne ko tsaga. Tazarar da ke tsakanin kafofin biyu ma takan fi faɗi ga namiji. Hanyar da ta fi saurin koya wa ido ita ce ka duba ƴaƴan ciki ɗaya a jere, ɗaya bayan ɗaya, sai bambancin ya fito maka.

Gefe da gefen wurin akwai wasu ƴan aljifai biyu masu tara maiƙo ruwan ƙasa mai wari. Namiji da mace duk suna da su, ba alamar komai ba ce, ba kuma ciwo ba ne.

Namijin da ya kai wata 3 ba wuya, marainansa sun sauko, dogaye biyu marasa gashi, a gefen gabansa ta wajen ciki. Sai dai zomo na iya janye su cikin ciki in ya tsorata, don haka rashin ganinsu bai mai da shi zomanya ba. Ka bar shi ya natsu ka sake dubawa.

Sauran alamun da ake faɗa, ni ban yarda a dogara da su ba. Gaskiya ne babban namiji yakan fi faɗin kai, yana kuma fesa fitsari, tsohuwar zomanya takan tara nama ƙarƙashin haɓa inda take tsigar gashi ta yi wa ƴaƴanta shimfiɗa. Amma namiji mai ƙiba ma yakan tara wannan naman. Hawan juna kuwa ba hujja ba ne sam, zomanya takan hau ƴar'uwarta don ta nuna ita ce babba a kejin.

Duba ɗaya ba ya isa. Ka duba lokacin yaye, suna sati 5 zuwa 6, ka ɗiga wa mazan shuni ko alamar biro a cikin kunne, sannan ka sake dubawa suna sati 10, ka raba su kafin su cika wata 3. Wasu zomayen sukan balaga daga wata 3 zuwa 4, cikinsu kuma kwana 31 ne ko kusa da haka. In ka yi sakaci, ƙaramar da ba ta gama girma ba za ta ɗauki cikin ɗan'uwanta, ta haifi ƴaƴa raunana, ita ma ta tsumbure. Matan suna iya zama tare in kejin da fili, mazan da suka balaga kuwa kowa da nasa. Ranar barbara zomanyar za ka ɗauka ka kai kejin namijin, domin in ka kai mata shi ɗakinta za ta tare shi da faɗa.