Idan Abu Ya Maƙale Wa Mutum A Maƙogwaro

An sha tambayata wannan, ga yadda ake yi.

Babba ko yaron da ya haura shekara 1:

1. In yana iya tari, ƙyale shi ya yi ta tari.
2. In murya ta ɗauke, yana dafe wuya, sunkuyar da shi gaba.
3. Buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, da ƙarfi.
4. Bai fito ba? Rungume shi ta baya, dunƙulen hannunka a saman cibiya.
5. Ja hannun zuwa wajenka da sama sau 5. Mai juna biyu a ƙirji ake danna mata.

Don Allah kada a ɗura masa ruwa. 

Jariri ɗan ƙasa da shekara 1:

1. Kifa shi a kan cinyarka, kai ya fi ƙafa ƙasa, ka tallafi haɓarsa.
2. Buga bayansa sau 5.
3. Juya shi rigingine.
4. Danna tsakiyar ƙirji da yatsu 2 sau 5. Ba a matse cikin jariri.

Kada ka lalubi bakinsa da yatsa, kana iya tura abin ciki.

A ci gaba da maimaitawa, wani ya kira 112. Ko ya fito, a kai asibiti.