Kurakuran da aka fi yi wajen kula da kunnen kare

Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne kamar namu. Gangarawa yake yi ƙasa tukuna, sannan ya yi kwana ya nufi dodon kunne. Shi ya sa tsinken auduga da muke sakace kunne da shi bai dace da kare ba: ɗan dattin da ya fito kaɗan ne, sauran an danna shi can cikin kwanar, inda hannu ba ya kaiwa. Auduga a kan yatsa ta wadatar, kuma iyakar inda ido yake gani nan za ka tsaya.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne baƙin mai. Ƙuda kan addabi bakin kunnen kare, musamman da damina, har ya zama gyambo. Sai a kwaso baƙin man inji ko kananzir a shafa, wai don ƙuda ya gudu. Na yi wa karen gidanmu haka shekarun baya. Kwana biyu fatar ta saɓule, yana ta kuka yana goga kai da ƙasa, ya kai tafin ƙafa ya sosa ya lashe. Guba ce muka shafa masa. Da wanke wurin muka yi da ruwan gishiri mai ɗumi, muka shafa Vaseline, muka kwashe kashi da ragowar abincin da ke tara ƙuda a makwancinsa, da bai sha wannan wahala ba.

Kaska ma kada a ƙona ta da ashana ko a fizge ta. A kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali har kanta ya fito.

Wasu kuma yawan wankewa ne matsalarsu. Kunnen da ba ya wari, cikinsa bai yi ja ba, a ƙyale shi; dubawa sau ɗaya a mako ta isa. In wankin ya kama, a nemi ruwan wanke kunne na dabbobi, a ɗiga, a murza gindin kunnen kamar daƙiƙa 30, a saki kare ya kaɗa kai, sannan a goge abin da ya fito. Lokacin wanka a kiyaye ruwa da kumfa, domin danshi ne ke haifar da ciwo, balle ga mai kunnuwa masu faɗowa.

Sai maganin ɗigo na mutane da ake sayowa a kemis. Idan dodon kunne ya riga ya fashe, irin su gentamicin suna iya kurmantar da kare. In ka ga baƙin datti kamar garin kofi, ko mugunya, ko yana tafiya kai a karkace, ko fatar kunnen ta kumbura kamar an hura, kai shi wurin likitan dabbobi ya leƙa ciki kafin a ɗiga komai.