Yadda Ma'aikacin Lafiya Zai Ba Namijin da ke Saduwa da Maza Shawara kan Ƙanjamau

Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai wuce kashi 0.6 ba. Wannan ƙarancin yakan sa mu a Sakkwato mu saki jiki. Amma binciken da aka yi a wasu jihohi kan maza masu saduwa da maza ya sami kashi 13.5 a 2007, da 17.2 a 2010, da 22.9 a 2014. Irin waɗannan maza suna nan a garinmu kamar yadda suke a kowane babban gari, da yawansu magidanta ne ko masu shirin aure, kuma ko ka sani ko ba ka sani ba, wasunsu sun riga sun zauna a kujerar da ke gabanka.

Abin da ke hana su buɗe baki sananne ne. Akwai hukuncin shari'a, akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi, akwai kuma tsoron tonon asiri a garin da kowa ya san gidan kowa. Wani bincike da aka yi a Abuja ya nuna cewa bayan kafa wannan dokar tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikinsu. Kowane ma'aikaci yana da aƙidarsa, kuma ba wanda ya ce ya ajiye ta, sai dai kujerar da yake kai ta mai magani ce, ba ta alƙali ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta masa ɓoye bayanan marar lafiya, a shekarar ne kuma aka yi dokar hana tsangwamar masu ɗauke da wannan cuta.

Saboda haka ka fara da sirri, tun kafin ka ɗauko kayan gwaji. Ka rufe ƙofa, ka sallami duk wanda ba shi da aiki a ɗakin, ko da abokin aikinka ne, ko ɗan'uwan da ya rako shi. Sannan ka faɗa masa a fili: "Malam, abin da za mu tattauna a nan amana ce tsakanina da kai." Kada ka rubuta a katin da ke yawo hannu-hannu wani abu game da wanda yake hulɗa da shi. Kada ka ba da labarinsa a ɗakin hutu ko a gida, ko da ka sakaya sunansa, domin a Sakkwato ambaton unguwa da sana'a kaɗai sun isa a gane mutum. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A ganina wannan matakin ya fi duk sauran nauyi, don mutumin da aka tona wa asiri ba zai dawo ba, kuma labarinsa zai hana wasu goma zuwa.

Wajen tambaya, ka yi wa kowane namiji iri ɗaya, kada ka ware wani saboda tafiyarsa ko muryarsa. Ka ce, cikin muryar da kake tambayar zazzaɓi da ita: "Waɗanda kake saduwa da su mata ne, ko maza, ko duka biyun?" In ya amsa, kada fuskarka ta canza, kada ka yi salati, kada ka kira shi da sunayen da ake zagi da su. In ya yi shiru, ka bar shi, ka ba shi bayanin gaba ɗaya ya ɗauki wanda ya shafe shi. Bayanin kuwa shi ne: fatar cikin dubura siririya ce, tana saurin tsagewa, shi ya sa haɗarin kamuwa ta nan ya ninka na saduwa ta gaba fiye da sau goma, musamman ga wanda ake shiga. Ciwon sanyi da tunjere suna ƙara buɗe wa ƙwayar hanya, kuma sukan zauna a dubura ko maƙogwaro ba tare da wata alama ba.

Gwajin ɗigon jini daga yatsa ba ya wuce minti ashirin. Ka bayyana masa tun farko cewa sabon kamu yana iya ɓoye wa wannan gwajin har wata uku, don haka in haɗarin na kwanan nan ne sai ya dawo a sake. Wanda ke cikin haɗari kullum ya dace ya riƙa gwaji duk wata uku zuwa shida. Mai jin nauyin layin asibiti yana iya amfani da abin gwajin kai da ake gogawa a dasashi, amma in ya nuna alamar cuta dole ne a tabbatar a asibiti.

Idan sakamako ya nuna ba ya da ita, kada ka ce "Alhamdu lillahi, sai a kiyaye" ka sallame shi, domin a nan aikin rigakafi yake. Ƙauracewa ita ce kariya mafi cika, kuma babu laifi ka faɗa, amma wanda ka san zai koma sai ka ba shi abin da zai tsare ransa da na iyalinsa. Ka nuna masa yadda ake sa kwaroron roba, ka gargaɗe shi cewa Vaseline da man kaɗanya da man gyaɗa da man shafawa duk suna cinye robar ta fashe, mai santsi na ruwa da aka yi don wannan aikin shi ne ya dace. Ka gaya masa kada ya bar kwaroron a aljihun mota ko ƙarƙashin kujerar babur, don zafin Sakkwato yana lalata shi. Sannan ka yi masa bayanin PrEP, ƙwayar rigakafi da marar cutar ke sha kullum, wadda ke rage haɗarin kamuwa ta saduwa da kusan kashi 99 cikin ɗari in ana sha yadda aka tsara. Tana buƙatar kamar kwana bakwai kafin kariyarta ta cika, ba ta hana ciwon sanyi, kuma ya kamata a duba ciwon hanta nau'in B, domin mai shi bai kamata ya daina ta kwatsam ba. Akwai kuma PEP, maganin gaggawa ga wanda robarsa ta fashe ko aka yi masa fyaɗe: a fara cikin awa 72, gwamma tun ranar farko, a sha kwana 28 ba fashi.

Idan kuma yana ɗauke da ita, ka faɗa masa kai tsaye cikin taushin murya, sannan ka yi shiru ka bar shi ya numfasa. Mutumin nan yana ɗauke da sirri biyu, kuma wasu a irin wannan hali sukan yi tunanin kashe kansu, saboda haka ka tambaye shi ko akwai wanda zai iya jingina da shi a daren nan. Ka tabbatar masa wannan ba ƙarshen rayuwa ba ne. Tun 2016 tsarin Najeriya shi ne a fara magani da zarar an gano cutar, kuma yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda ake kira TLD, ana samun ta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Wanda ya riƙe maganinsa, cikin wata shida ƙwayar cutar takan ragu har a kasa ganin ta a jini, kuma muddin yawanta ya zauna ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini ba ya sa wa kowa ita ta hanyar saduwa. Ka binciki tarin fuka tun ranar, don shi ne kan gaba wajen kashe masu wannan cuta.

Maganar iyali ita ce mafi wuya, kuma ba a tsallake ta. Matarsa, ko matansa, suna da haƙƙin a gwada su, balle in akwai mai juna biyu ko mai shayarwa, domin ba tare da magani ba jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari na iya kamuwa daga uwa, da magani kuwa adadin yana sauka ƙasa da biyar. Ka kwantar masa da hankali cewa abin da za a sanar da ita shi ne buƙatar gwaji da sakamako, ba hanyar da ya kamu ba. Ka ba shi zaɓi: ya faɗa mata da kansa, ko ya kawo ta ku zauna tare, ko asibiti ya gayyace ta gwaji ba tare da an ambaci sunansa ba. Haka za a yi da mazan da ya yi hulɗa da su, kuma da yardarsa, ba da barazana ba.

Kafin ya tashi, ku sa ranar dawowa, ku kuma daidaita yadda za ka neme shi in bai zo ba: wace lamba, wane lokaci, da abin da za ka ce in wani ne ya ɗauki wayar. Kada ka aika saƙon da ya ambaci sunan cutar ko na asibitin. In yana tsoron haɗuwa da idon sani a wurin karɓar magani, ka tura shi wani asibitin da ke nesa da unguwarsu, kuma da zarar jininsa ya daidaita ka nema masa maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda.