Yadda ake zaɓen na'urar tace iska da kula da ita lokacin hunturu

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris duk wanda yake Kano ko Maiduguri ko Damagaram ya san halin da ake shiga, ka share ɗaki da safe kafin la'asar ƙura ta sake kwanciya a kan tebur. Yawancin ƙurar nan daga Sahara iska ke kwaso ta, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Wadda kake gani da ido ma da sauƙi, mai illar ita ce ƴar mitsitsiyar da ake kira PM2.5, wadda take wucewa har cikin huhu, ita ce ke tayar wa masu asma da ciwo, ta sa yara tari da mura ba ƙaƙƙautawa.

To idan ka yi niyyar sayen na'ura, abu na farko dan Allah kar kyan jikinta ko fitilun da take kunnawa su ruɗe ka, filtar da ke ciki ita ce komai. Ka nemi wadda aka rubuta HEPA, ta gaske tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikron 0.3, wato ƴan mitsitsin da ido ba ya gani. Idan gidanku ana yawan turaren wuta ko hayaƙin girki na shigowa, ka haɗa da mai filtar gawayi, don HEPA ƙura take kamawa ba wari ba. Waɗanda ake tallatawa da cewa suna fitar da wata iskar gas da ake kira ozon kuwa ka rabu da su, ozon ɗin kansa yana cutar da huhu.

Sai girma. A jikin kwali za ka ga CADR, wato yawan iskar da take tacewa. Lissafin ba wuya, ka auna tsawo da faɗin ɗaki da ƙafa, ka yi tsawon sau faɗin, ka ɗauki biyu bisa uku na abin da ya ba ka. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ya ba ka 144 kenan, to kana buƙatar CADR kusan 100 idan da cfm aka rubuta, ko wajen 170 idan da m³/h ne. Ƙarama a babban falo asarar kuɗi ce kawai. Ni shawarata idan guda ɗaya za ka iya saya ka kai ta ɗakin kwana, nan ne ake shafe awa bakwai takwas ana shaƙar iska ɗaya.

Amma abin da na fi so mutane su ji shi ne wannan: tun kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai shago, Alhaji akwai filtar canji? nawa ce? Idan ya fara kame-kame ka wuce gaba, domin na'urar da ba a samun filtarta a kasuwa bayan wata shida ta zama fanka mai tsada, kuma wallahi gidaje da yawa haka tasu ta ƙare a lungu. Idan da hali ma ka sayi filta ɗaya ta ajiya a ranar. Ka kuma duba wuta, mu 220 zuwa 240 muke amfani da ita, ƴan gwanjon Amurka da yawa 110 ne, kana jonawa ta ƙone. Wutar da suke ci ba yawa, ƙanana ba su cika wuce wat 50 ba, ƙaramin sola ko inbata zai riƙe.

Da ka kawo ta gida ka buɗe ka cire ledar da aka naɗe filtar da ita, wannan mutane na yawan mantawa. Kar ka manna ta da bango ko ka ɓoye ta bayan kujera ko labule, ka rufe ƙofa da taga, ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, in ba haka ba iskar unguwa gaba ɗaya take ta faman tacewa.

Wajen kula kuma, ragar waje da ke tare gashi da manyan ƙura ka riƙa goge ta duk sati lokacin hazo. HEPA kuwa ba a wanke ta da ruwa sai in kamfanin ya rubuta haka, ruwa na lalata ta. Kamfanoni kan ce a canza bayan wata 6 zuwa 12, amma da irin ƙurarmu ka riƙa leƙawa da kanka, idan ta yi baƙi ko iskar ta ragu ko ta fara wari to lokaci ya yi. Masu AC ku ma ku zaro ragar ciki duk sati biyu ku wanke, ta bushe a inuwa sannan a mayar, sai dai ku sani ragar AC ba ta kama ƴar ƙaramar ƙurar nan.

Kuma babu wata na'urar tace iska da ke cire gubar hayaƙin janareto ko na gawayi, wannan gubar ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa cikin barci. Janareto a waje yake zama nesa da taga, kaskon gawayi kuma ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki komai sanyi.