Darasi: Ƙurar kabon da ciwon mantuwa

Tsohuwa ta gama cin tuwo yanzun nan, ta ce ba a ba ta ba. Tsoho ya fito masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa. A ƙauye mukan ce gigin tsufa ne. Sau da yawa kuwa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani furotin da ake kira amiloyid-beta. Ku ɗauke shi kamar carbi gajere, mai ƙwaya 40 ko 42. Mai 42 ya fi danƙo. Idan suka yi yawa, kamar yadda ake gani a wannan cuta, sai su fara manne wa juna: da farko 'yan ƙalilan, sannan su miƙe kamar zaren da aka kaɗa a mazari, daga ƙarshe su yi gudaji tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ƙananan dunƙulen farko su ne masana suka fi zargi da ɓarna.

Ana binciken ko ƙurar kabon za ta iya hana wannan dunƙulewa. Kabon shi ne sinadarin gawayi da kunkunniya. Masana suna haɗa ƙurarsa a ɗakin bincike da girman da ake aunawa da nanomita, wato ma'aunin abubuwan da ido ba ya iya gani. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita 80,000 ko fiye. Akwai irin ƙurar da ke da ƙwayar zarra (ƙwaya mafi ƙanƙanta ta sinadari) 60, mai siffar ƙwallon ƙafa, faɗinsa kamar nanomita 1, wanda aka gano a Amurka a 1985.

Me ya haɗa kabon da furotin ɗin? Akwai gurbi a tsakiyar carbin nan da ba ya shiri da ruwa, kamar man gyaɗa, kuma ta nan furotin ke kama ɗan'uwansa. Fuskar kabon ma ba ta son ruwa. Sai gurbin ya manne mata, zaren ya rasa inda zai ɗora.

Wajen gwaji, ana zuba furotin a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, a raba biyu, a sa ƙurar a kashi ɗaya. A ɗiga wani rini da ke haske idan ya haɗu da zare. Haske ya ragu, a ce zare ya ragu. Nan ne ake yin tuntuɓe: kabon da kansa yana dusashe hasken, don haka dole a leƙa da madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa a ga zahiri. Ƙurar kuma takan cure a ruwa idan ba a gyara fuskarta ba. Wani lokaci ma sai reshe ya juye da mujiya, furotin ya taru a kanta kamar shara a jikin dutsen rafi, dunƙulewar ta ƙara sauri.

Har yanzu aikin yana ɗakin bincike, babu maganin kabon da aka amince a bai wa mai ciwon mantuwa. Kada wani ya sayar muku da dakakken gawayi da sunan magani.

Hayaƙin murhu kuwa ba abin gwaji ba ne, illa ce. A 2020 masana suka sa gurɓatacciyar iska cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan ciwo. Ku riƙa girki da busasshen ice ko kara, a tsakar gida ko madafi mai taga, kada a tura leda a wuta. Da hunturu a daina kwana da kaskon wuta a ɗakin tsohuwa a rufe. In mantuwa ta fara hana ta salla daidai ko gane jikoki, a kai ta asibiti a auna jini da suga, likita ya duba ta.