Makonnin farko a ajin kalkulas: shawara ga sababbin ɗalibai a Amurka kan darasin rashin yankewa

Ɗalibin da ya sauka Amurka a ƙarshen watan Agusta don karatun injiniya, kwamfuta, tattalin arziki ko kimiyya, da wuya ya kauce wa kalkulas na ɗaya a zangonsa na farko. Zangon yakan kai mako 15 ko kusa da haka. Darasin kontinuwiti, wanda za mu riƙa kira rashin yankewa, yakan zo tsakanin mako na biyu da na huɗu, daidai lokacin da mutum yake ta fama da neman ɗaki, buɗe asusun banki da gane layin bas. Kafin ya natsu, jarrabawar farko ta iso, kuma wannan darasi yana cikinta.

Wanda ya yi lissafi mai zurfi a WAEC ko NECO, ko ya ci bakaloriya a Nijar, yawanci hannunsa ya faɗa da lissafi. Matsalar ita ce a nan malami ba amsa kaɗai yake bai wa maki ba. Hujja yake nema, a rubuce, da jimloli. Ɗalibi zai samu lambar da ta dace amma ya tashi da rabin maki, saboda bai faɗi dalilin da ya ba shi damar yin abin da ya yi ba. A darasin rashin yankewa ake fara wannan tsauri.

Bayanin da kowa yake fara ji shi ne: fankshan (wato tsarin lissafi f da ake saka masa lamba x ya fitar da lamba f(x)) marar yankewa shi ne wanda za a zana giraf ɗinsa ba tare da an ɗaga alƙalami daga takarda ba. Wannan hoto ne mai taimako, ku riƙe shi a zuci, amma kada ku rubuta shi a jarrabawa. Abin da ake rubutawa sharuɗɗa uku ne. A ce muna duba f a wurin da x ya zama a. Dole f(a) ya kasance akwai shi. Dole limit na f(x), wato lambar da yake dosa, ya samu yayin da x yake matsowa kusa da a, ma'ana ko ta hagu aka taho ko ta dama, lamba ɗaya ake dosa. Sannan dole wannan lamba ta zama ita ce f(a) ɗin. In ɗaya ya faɗi, an samu yankewa, kuma aikinku ne ku faɗi wanne ne ya faɗi.

Ku ɗauki f(x) = (x² − 4)/(x − 2). Ku saka 1.9, za ku samu 3.9. Ku saka 1.99, ku samu 3.99. Ta ɗaya ɓangaren, 2.01 zai ba ku 4.01. Ta ko'ina 4 ake dosa, don haka limit ya samu. Amma da zarar kun saka 2 cif, sifili ya hau kan sifili, babu amsa. Sharaɗin farko ne ya faɗi. A giraf, miƙaƙƙen layi ne mai ɗan huji guda. Ga inda ƙwararru suke zamewa: su warware x² − 4 zuwa (x − 2)(x + 2), su soke na sama da na ƙasa, su ga x + 2, su ce ai babu matsala. Sokewar ta halatta ne kawai a inda x ba 2 ba ne. Ku rubuta haka ƙarara a gefen aikinku. Irin wannan yankewa ana iya toshe ta, ta hanyar ayyana f(2) = 4, kuma sau da yawa tambayar ke nan: wace lamba za a sa don a cike hujin?

Akwai kuma tsalle. A ce garejin ajiye mota yana karɓar dala 3 na awa ta farko, da an wuce ko da minti ɗaya ya koma dala 6. Babu lokacin da kuɗin yake dala 4 da rabi. A lissafi misalin da aka fi bayarwa shi ne |x|/x, wanda yake −1 a hagun sifili, 1 a damansa. Kowane ɓangare yana da nasa limit, amma ba su haɗu ba, kuma babu lamba ɗaya da za ta ɗinke su. Na uku shi ne inda giraf yake cillawa sama ko ƙasa ba iyaka, kamar 1/x² a sifili ko tan x a π/2. Akwai na huɗu da ba kowane malami yake tambaya ba, sin(1/x), wanda yake kai da komo tsakanin −1 da 1 ba ƙaƙƙautawa in an doshi sifili.

'Yan'uwa da suka yi karatu da Faransanci, a Nijar, Chadi ko Kamaru, akwai abin da ya shafe ku musamman. Tazarar lambobin da ke tsakanin 0 da 1 da kuka saba rubutawa ]0, 1[ a nan (0, 1) ake rubuta ta. Waƙafin da kuke sawa a 3,14 a nan ɗigo ne. Malami zai iya fahimtarku, amma manhajojin aikin gida irin su WebAssign da WeBWorK ba za su fahimta ba, za su ce kun faɗi, kuma sau da yawa adadin gwajin da ake ba ku ƙayyadadde ne. Sannan akwai bambancin al'ada a kan 1/x. A tsarin Faransa an koya muku cewa tunda sifili ba ya cikin lambobin da fankshan ɗin yake karɓa, maganar yankewa a wurin ba ta ma taso ba. Littattafan kalkulas na ɗaya a Amurka galibi sukan ce 1/x ya yanke a sifili, duk da sun yarda ba ya yankewa a ko'ina cikin lambobin da yake karɓa. Bambancin na lafazi ne. Ku tambayi malaminku wanne yake bi, ku bi shi a takardarsa.

Tambayar da kusan ba ta ɓacewa a jarrabawa ita ce ta fankshan mai gutsattsari. Misali: f(x) = x² − k idan x bai kai 2 ba, f(x) = kx + 1 idan x ya kai 2 ko ya wuce. A nemo k da zai hana yankewa. Kada ku tsaya ga haɗa ɓangarorin biyu ku fitar da lamba. Ku fara da cewa kowane gutsure folinomiyal ne (haɗin lambobi da x, x² da makamantansu), saboda haka ba ya yankewa a yankinsa, mahaɗar ce kaɗai abin dubawa. Ku rubuta limit na hagu da alamarsa: 4 − k. Ku rubuta na dama: 2k + 1. Ku rubuta f(2), ku lura da gutsuren da yake ɗauke da alamar daidai, wato na biyu: 2k + 1. Sai ku daidaita, 4 − k = 2k + 1, k ya fito 1. Ku mayar da shi ku gani, hagu 3, dama 3, f(2) ma 3. Wannan mayarwa ba ta cin rabin minti, kuma tana kama kuskuren alamar ragi, wanda ya fi kowane kuskure yawa.

A bakin tazara ɓangare ɗaya ake dubawa. √x ba shi da hagu a sifili, don haka ta dama kaɗai ake gwada shi. √(4 − x²) ba ya yankewa a [−2, 2], har da bakunan biyu.

Inda ya kamata ku fi daɗewa shi ne ƙa'idar ƙimar tsakiya, wadda za ku ga ana taƙaita ta da IVT a allo. Hunturunku na farko zai koya muku ita. Da asuba wayarku ta nuna 23 a ma'aunin Faranhait, da azahar ta nuna 41. Ko ba ku duba ba, kun san akwai lokacin da ta bi ta kan 32, inda ƙanƙara take fara narkewa, domin zafi ba ya tsalle. Ƙa'idar ke nan: idan f ba ya yankewa a rufaffiyar tazara [a, b], to duk lambar da ke tsakanin f(a) da f(b) sai ya taka ta a wani wuri. Bernard Bolzano ne ya kawo mata hujja ta tsantsar lissafi a 1817, a lokacin da mutane da yawa suke ganin abu ne da ido ya isa ya tabbatar.

Ga yadda ake amfani da ita. A nuna cewa x³ + x − 1 = 0 yana da amsa tsakanin 0 da 1. Jimlar farko ita ce mai tsada: f(x) = x³ + x − 1 folinomiyal ne, don haka ba ya yankewa a [0, 1]. Sai f(0) = −1 da f(1) = 1. Sai ku ce sifili yana tsakanin −1 da 1, saboda haka bisa ƙa'idar akwai c a (0, 1) da f(c) = 0. Wanda ya tsallake jimlar farko ya zubar da maki, kuma da dalili. Ku gwada 1/x daga −1 zuwa 1: ya fara a −1, ya ƙare a 1, amma bai taɓa zama sifili ba, saboda ya yanke a hanya. Ƙa'idar kuma ba ta ce amsar guda ɗaya ce ba, ba ta kuma faɗi inda take ba. Ba a kuma juya ta: rashin sauya alama ba ya nufin babu amsa. x² − 1 yana ba da 3 a −2 da kuma 2, alama iri ɗaya, amma yana da amsa biyu a tsakani. In ana son a matso kusa da amsar x³ + x − 1 = 0, sai a riƙa raba tazara biyu: f(0.5) = −0.375, f(0.75) ya haura sifili da kusan 0.17, don haka amsar tana tsakaninsu. In aka ci gaba za a iso wajen 0.682.

Wasu malamai sukan shiga ma'anar rashin yankewa ta ε (efsilon) da δ (delta), ƙananan lambobi biyu da suka haura sifili, wasu su taɓa ta sama-sama. Ku ɗauke ta kamar ciniki. Abokin cinikinku ne yake fara magana: ina son f(x) kada ya yi nisa da f(a) fiye da ε. Ku kuma ku amsa da δ: in dai x bai yi nisa da a fiye da wannan ba, buƙatarka ta biya. In duk yadda ya matse kuna da amsa, babu yankewa. A f(x) = 3x + 1 wajen a = 2, nisan f(x) daga 7 ninki uku ne na nisan x daga 2, don haka δ = ε/3. Ya ce 0.3, ku ce 0.1. A x² wajen 3 sai an ƙara dabara: ku fara ɗaure x kada ya yi nisa da 3 fiye da 1, hakan zai sa x + 3 bai kai 7 ba, sai ku ɗauki ƙaramin cikin 1 da ε/7. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar x a cikin δ. δ yana iya dogara da ε da a, ban da x.

Ku yi hattara da na'ura. Desmos, manhajar zana giraf, kyauta ce kuma tana da amfani sosai, amma in kun zana misalinmu na farko layi sumul za ku gani, hujin ba ya fitowa sai kun neme shi. Ido ba mudu ba ne. Kalkuleta kuma ku mayar da ita radiyan tun ranar farko. In tana kan digiri, (sin x)/x zai doshi 0.01745 maimakon 1, ku rasa inda kuka ɓata. Azuzuwa da yawa ma ba sa barin a shiga jarrabawa da ita, don haka ku saba da aiki da hannu.

A makon farko malami zai ba ku takardar tsarin kwas. Ku karanta ta duka. A ciki akwai ranakun jarrabawa, kason makin kowane aiki, da iyakar taimakon juna da aka yarda da shi. Tattauna aikin gida galibi ba laifi ba ne, amma kwafar na wani babban laifi ne da zai iya kai mutum gaban kwamitin ladabtarwa, ko da da kyakkyawar niyya aka ba shi. A ciki kuma akwai sa'o'in da malami yake zama a ofis don ɗalibai. A gida an saba jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofar malami. A nan zaman ku yake yi, kuma zuwanku ba rashin kunya ba ne. Ku je da takardarku, ku nuna layin da kuka tsaya, ku ce daga nan ne ban gane ba. Yawancin jami'o'i suna da ɗakin taimakon lissafi kyauta. Lokacin rajista kuma ku duba ƙaramin ajin bita da mataimakin malami yake ɗauka, domin a nan ake yawan yin gajeren gwaji. In akwai zaɓi, ku kauce wa wanda ya faɗa lokacin sallar Juma'a.

In kun ga warware x² − 4 ko haɗa lambobi masu sama da ƙasa yana ba ku wuya, to aljabara ce take buƙatar gyara. Jami'o'i da yawa suna yin gwajin tantance mataki, wasu da manhajar ALEKS, kuma komawa ajin share fage na zango ɗaya ya fi a faɗi kalkulas. Sai dai kada ku ajiye kwas da kanku. Mai bizar F-1 a digirin farko dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a zango, kalkulas kuma yakan ɗauki 4. Ajiye shi zai iya sauko da ku ƙasa da ƙa'ida, takardun zamanku su shiga matsala. Ku fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje da wurin mai ba ku shawarar karatu, kuma ku je tun kafin wa'adin sauya kwas ya wuce, wanda yawanci bai fi mako ɗaya ko biyu na farko ba.

Da an gama wannan darasi za a shiga difarenshiyeshan, wato neman deribatif ko gangarar giraf a wuri guda, kuma tambayar gaskiya ko ƙarya da take jiran ku ita ce alaƙar su biyun. Duk fankshan da yake da deribatif a wuri, ba ya yankewa a wurin. Akasin haka ba ya tabbata. |x| ba ya yankewa a sifili, amma yana da kusurwa mai tsini a wurin, gangararsa −1 ta hagu, 1 ta dama, don haka babu deribatif. Karl Weierstrass ya gabatar a Balin a 1872 da fankshan da ba ya yankewa ko'ina kuma ba shi da deribatif ko'ina. Ba za a tambaye ku wannan a zangon farko ba. |x| kam ku riƙe shi a ka, tare da 1/x da |x|/x, domin da su ake karya yawancin jimlolin ƙarya da za a jera muku a takardar jarrabawa.